Jinyar Suruki da Maganin Shaƙa

Godiya ga Allah da Ya ba mu numfashi kyauta, ba ma tunawa da shi sai ranar da ya yi wuya. Na daɗe ina shawara da kaina ko in rubuta wannan labari ko in bari, domin ya shafi surukina, kuma a wajenmu ba a cika shimfiɗa maganar suruki a takarda ba. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne, ina jin akwai gidaje da yawa a Bompai da Sharada da Challawa waɗanda abin da ya same mu zai iya samunsu. Ni dai ba likita ba ne. Ilmin sinadarai na karanta a jami'a, ina aiki a ɗakin gwaji na wata majema a Challawa. Don haka duk abin da na faɗa game da magani, a tambayi masu abin kafin a yi aiki da shi.

Ba zan ambaci sunan surukina ba. Bakina ba zai iya ba, alƙalamina ma haka. A masaƙar da yake aiki a Bompai Heluma ake ce masa, saboda shi ne shugaban ma'aikatan ɗakin shiɓa, inda injuna ke wargaza auduga kafin a mai da ita zare. Ni Baba nake ce masa. Matata Hajara ita ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, “yarinyar nan” yake cewa. Ni kuma “Malam”. In na je gaisuwa gidansa a Dakata, daga bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, nasa a bango. Haka muka saba, kuma ba wanda ya taɓa jin an takura shi.

Ciwon ya fara ne da damina, a shekarun nan da kamfanoni suka soma rage ma'aikata. Da farko tari ne busasshe. Daga baya ƙirji ya fara wani siririn kuka, kamar an rufe kyanwa a akwati. Inna, wato surukata, ita ta lura cewa ran Lahadi da ba aiki yakan sami sauƙi, amma in ya koma ran Litinin sai ya dawo gida yana dafa bango. Baba ya ce mura ce. A ɗakin shiɓa kamfani na raba wa kowa madarar gwangwani, wai tana wanke ƙurar auduga daga ƙirji. Ban ce ƙarya ce ba, amma iya abin da na karanta, madara ciki take tafiya. Baba ya riƙa shan tasa, ya haɗa da ta Malam Mati, wani mutumin Damagaram, abokin aikinsa kuma abokin wasansa. Malam Mati ya ce bai yi mamaki ba, tun zamanin kakanni Bakano bai taɓa ganin abin Badamagare ya kau da kai ba.

Wata Litinin da hantsi aka buga mini tarho a wurin aiki, aka ce Baba ya faɗi a gaban inji, motar kamfani ta kai shi asibiti. Ɗa namiji ɗaya gare shi, yana aikin jirgin ƙasa a Kudu, don haka ni aka nema. Na hau babur, ban san yadda na ratsa gari ba.

Na same shi a kan benci, ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa da sauka, leɓensa ya yi duhu. Malam Mati na layin kati, layin kuwa ya zagaya har gindin darbejiya. Wata nas, Allah Ya saka mata da alheri, ba ta jira kati ba. Ta sa aka gangaro da tukunyar iskar oksijin, doguwa kamar mutum. Sai kuma aka nemi sifanar buɗe ta aka rasa, wai tana aljihun wani ma'aikaci da ya fita shan koko. Ba na so in ɗora wa kowa laifi, wataƙila shi ma bai karya ba tun asuba, amma a ganina bai kamata sifanar da ran mutane ke rataye da ita ta je shan koko ba. Da ya dawo aka buɗe, aka rufe wa Baba hanci da baki da wata roba, aka yi masa allura. Kafin azahar kyanwar nan ta rage kuka.

Likitan mutumin Indiya ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba. Da ya ji ina Turanci sai ya ja ni baranda, ya ce asma ce, kuma ƙurar auduga na tsokanarta. Ya fito da wani ɗan abu shuɗi daga aljihu, ɗan gwangwani a cikin roba mai baki, wanda yanzu ake ce wa inhela. Ya nuna mini a bakinsa: a girgiza, a fitar da numfashi duka, a sa a baki a rufe leɓe, a danna daidai lokacin da aka fara jan numfashi a hankali, a riƙe gwargwadon iko, sannan a saki. Ya sa na kwaikwaya har ya gamsu. Ya daki ƙirjinsa, ya daki cikinsa, ya ce da Hausarsa, “Magani na huhu. Ba na ciki ba.” Sannan ya ce mara lafiya ya gaji, ba zai koyi komai yau ba, in an sallame shi in koya masa a gida.

Na ce to. Sai da na hau babur na gane abin da na amsa. Ni in zauna gaban Baba, in turo leɓe, in cusa abu a baki, in zazzaro ido ina riƙe numfashi, shi kuma ya yi ina kallon bakinsa? Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Sai na bi hanyar da duk maganarmu ke bi. Na zaunar da Hajara na yi mata bayani, tun daga yadda huhu yake, har da abin da za a yi in an manta, da abin da ban tabbata ba. Ita kuma ba za ta iya tsayawa gaban mahaifinta ba, ta gaya wa Inna. Inna ta gaya wa Baba. Ni kuma hankalina ya kwanta, domin ta wannan hanya aka nema mini aure, ta nan aka raɗa sunan 'yata, ba a taɓa samun matsala ba.

Makon farko a gida, ba laifi, ragowar ƙarfin allura na jikinsa. A na biyu kukan ya dawo. Maganin kuma ya riƙa ƙarewa da wuri, ga shi ba a samunsa a asibiti sai a kemis a Sabon Gari, inda nake jin takalmin mutum ake fara dubawa kafin a faɗi kuɗi. 'Yan dubiya suka cika gida, kowa da nasa. Wata goggon Hajara ta zo daga ƙauye da ƙullin hayaƙi, ta turara ɗaki ta rufe ƙofa, da ƙyar aka fito da Baba yana neman iska. An kawo zuma da tafarnuwa, an kawo kitsen damo, an yi surace da ganyen da ban san sunansa ba. Wani kawu ya ja ni gefe ya ce, “Malam, kai mai ilmi ne, ka raba shi da abin fesawar nan. Wanda ya fara, sai kabari.” Na ce masa ban ji haka daga likita ba, amma zan tambaya. Na kuwa tambaya, likita ya yi dariya, ya ce rashin numfashi ne ke kai mutum kabari. Da na gaya masa ba sauƙi, sai ya ƙara wa Baba da ƙwayoyi. Ƙwayoyin suka sa hannun Baba rawa har ba ya iya riƙe carbi.

Ana cikin haka Malam Mati ya zo da labarin da ya fi ciwon tayar da hankali. Hutun jinya na gab da ƙarewa, kuma likitan kamfani zai duba Baba. In ya ga ba zai iya ba, sallama ce. A lokacin nan kuwa sababi kawai ake nema, wanda aka sallama kuma ba ya samun wani aikin, balle mai furfura. Inna ta gaya wa Hajara cewa kullum in jiniyar masaƙu ta yi kuka da safe, sai ya tashi zaune ya laluba hularsa, sannan ya tuna.

Ina zuwa dubiya kusan kullum. Duk lokacin da na ga hannun Baba ya nufi aljihu zai ɗauko maganin, sai in miƙe in ce bari in duba babur. In tsaya a waje ina goge madubi har sai na tabbata ya gama. Ina jin babu babur a Kano da madubinsa ya sha guga kamar nawa a wannan damina.

Wata Lahadi bayan azahar, ina waje ina gugar da na saba, Malam Mati na ciki, shi da ba ruwansa da kunyar kowa. Sai na jiyo muryarsa.

“Kai Bakano, yanzu wannan ne maganin da aka tsiyata surukinka a kansa? Kana fesawa hayaƙi na fita ta gefen baki kamar madambaci.”

“Rufe mini baki, bawan banza,” in ji Baba, yana haki. “Miƙo butar can in kora.”

Hannuna ya tsaya a kan madubi. In kora? Na maimaita kalmar a zuciyata, na nema mata wata fassara, ban samu ba. Na taka na koma bakin zaure na durƙusa.

“Baba Mati,” na ce, “ban sani ba ko kunnena ne, kuma ba wai ina sauraro ba ne, amma kamar na ji an ambaci ruwa. To in dai ba wani sabon umarni aka samu ba wanda ban sani ba, ina jin, wataƙila, akwai ɗan abin dubawa.”

“Malam, yau a gama maganar nan kuwa kafin la'asar?” in ji Malam Mati.

“Maganin ba a korawa.”

Baba ya dubi bango ya ce, “Mati, gaya wa Malam haka aka ce in yi. In fesa a harshe, in haɗiye, in kora da ruwa.”

“Ga shi nan gabanka, kurma ne?”

Daga bayan ƙofar tsakar gida muryar Inna ta fito. “Ni abin da yarinyar nan ta gaya mini na faɗa. Ruwan ne kawai nawa. Wane magani ne ake sha ba a kora ba?”

Can nesa da ita kuma Hajara ta ce, a hankali, “Inna, maganar tasa ce ta yi tsawo. Na ɗauko kan, na bar jelar.”

Malam Mati ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Na ce masa ko zai fito waje in nuna masa, shi kuma ya nuna wa Baba.

“A'a. Saƙo ya bi baki uku ya koma ruwa, kana so ka ƙara na huɗu? A bakina kunu zai zama.” Ya leƙa waje. “Waccan farar rigar da hannunta ke leƙowa daga akwatin babur, ta mece ce?”

Rigar ɗakin gwaji ce. Tunda Hajara ta tare a Dakata wajen jinya rigar ba ta ga sabulu ba.

“Ɗauko ka sa.”

“Baba Mati, ni ba likita ba ne. Ba daidai ba ne mutum ya...”

“Wa ya tambaye ka takarda? Sa riga. Likita ba shi da suruki. Wanzami in ya kama kai ba ya tambayar na wane ne.”

Na sa, na ɓalla maɓallai har wuya. Malam Mati ya fito ya kama hannuna, ya yi sallama da ƙarfi kamar yanzu muka iso. “Heluma, ga likita na kawo maka tun daga Challawa. A gyara zama.”

Sai na ji Baba ya ce, ba ko alamar wasa a muryarsa, “Sannu da zuwa, Likita. Bismilla ga tabarma.” Ya ɗan ja hanci. “Wannan likitan dai warin fata yake.”

Na zauna gabansa, gwiwa da gwiwa, na ɗaga kai. Ranar na fara ganin fuskar surukina sosai. Ashe wushirya gare shi. Ashe a nan Hajara ta samo tata.

Da tsohon gwangwanin da ya ƙare muka fara, don kada ya sha magani fiye da ƙima. Na turo leɓe, na zazzaro ido, na yi duk abin da na ji tsoro, kuma rufin zaure bai faɗo ba. Baba ya gwada, ya danna kafin ya ja numfashi. Ya sake, ya ja ya gama sannan ya danna.

“Ku yi haƙuri, Baba, ina jin da a ce za ku ɗan...”

“Likita ba ya ba da haƙuri,” in ji Malam Mati. “Ce masa bai iya ba.”

“Ba ku yi daidai ba. Hannu da numfashi tare za su tafi.”

Baba ya dubi abin a tafin hannunsa. Mahaifinsa masaƙin gargajiya ne, a gindin masaƙa ya tashi. Ya ce, “Ashe saƙa ce. Ƙafa na takawa, ƙoshiya na wucewa.”

Ya karɓi sabon, ya girgiza, ya yi bisimilla, ya fitar da numfashi. Ya danna yana ja a hankali. Ba hayaƙin da ya fito. Ya riƙe, kumatu a kumbure, Malam Mati na gefe yana cewa, “Ku zo ku ga Bakano ya yi shiru, yau za a yi ruwa.” Baba ya ɗaga masa yatsa, ya riƙe abinsa har ya ga dama ya saki.

Muka zauna muna jira. Ban san tsawon lokacin ba, ba dai da yawa ba. Kyanwar nan ta yi ƙasa da murya, ta ƙara yin ƙasa, har muka koma jin kajin maƙwabta. Baba ya sa hannu a ƙirji, ya ja wani dogon numfashi kamar mai shan ruwan randa bayan tafiya. Ya ce, “Ikon Allah. Ashe ƙofa ce ban buɗe masa ba.” Daga bayan ƙofa Inna ta yi guɗa, ta tuna ba biki ake ba, ta katse.

Da na fita na cire rigar na dawo sallama, a bakin zaure na durƙusa, idona a ƙasa. Baba ya dubi bango ya ce, “Malam, ka gai da gida.”

Daga ranar, in na tashi aiki sai in biyo da rigata, wankakkiya, in sa ta a ƙofar gida, in duba yadda yake shaƙa. Abin da ban hango ba shi ne maƙwabta. Har aka fara jirana da ciwon ido da ciwon baya, ina ta rantsuwa cewa fata nake gwadawa, su tafi asibiti. Da na gaya wa likitan gaskiya abin da ya faru, ya riƙe kai, ya ce daga yau mara lafiya zai riƙa shaƙa a gabansa. Ya rage ƙwayoyin nan, hannu ya daina rawa. Ya ƙara wani abin shaƙa mai ruwan ƙasa, na safe da yamma, don hana ciwon tashi, ya ce wannan in an shaƙa a kurkure baki da ruwa a zubar. Da labari ya kai ga Inna ta ce, “Ban ce ba? Dama na san da ruwa a maganar.”

Ga abin da nake so a ɗauka, in an ga ya dace. Ban ce kunya aba ce mara kyau ba, ita ce ta riƙe gidajenmu. Amma maganin shaƙa ba ya bin saƙo. Duk wanda aka rubuta wa, a nuna masa da ido, a kuma kalle shi yana yi, ko da sarki ne. In ana shaƙa ba sauƙi, kafin a zargi magani ko a koma hayaƙi, a duba ko yana isa inda aka aike shi. In kuma numfashi ya yi tsanani har magana ta gagara, asibiti za a nufa nan take. Ma'aikatan ɗakin auduga kuma, su sha madararsu, amma in ƙirji ya fara kuka ran Litinin, kada su ce mura ce.

Ranar ganin likitan kamfani, da sassafe na goya Baba a babur, yana riƙe da ƙarfen baya don kada ya taɓa ni. Ya shiga da Malam Mati, ni na tsaya a bakin get wajen masu ƙosai da shayi. Ma'aikatan safe na ta shiga a kekuna. Na shirya kalmomin jaje, na shirya na murna, na kasa zaɓar waɗanda zan fi buƙata.

Can sai ga su. Fuskar Baba a murtuke.

“Wani bututu aka ba shi ya busa,” in ji Malam Mati. “Ya busa har likita ya ja da baya. Aiki na nan. Amma an ce shi da ɗakin shiɓa har abada, an mai da shi ɗakin duba yadi.”

“Kujera suka ba ni,” Baba ya gaya wa katangar masaƙa. “Kujera, kamar mai jego. In zauna ina kallon atamfa na wucewa.”

“Tambaye shi wa aka ba heluman shiɓa.” Malam Mati ya gyara hula. “Yau dai Damagaram ta ci Kano.”

“Ka ci ƙura dai, bawan banza.”

Jiniya ta yi kuka. Na tayar da babur, a zatona gida zan mai da shi ya huta, ya fara gobe. Baba ya shafa aljihu ya ji maganinsa na nan, ya ce, “Malam, rana ta yi, kada ka makara a wurin aikinka. Ni ma jirana ake.”

Ya juya ya bi ayarin masu shiga. Malam Mati na bayansa yana ɗaga ƙafa, yana cewa, “Kai Bakano, tsaya mana! Haka ake yi, mai asma ya bar mai lafiya a baya?”